Yadda Ake Gane Kason da Ya Fi Girma, da Jera Kaso-Kaso, Idan Lambobin Ƙasa Sun Bambanta

Duk dattijon da ya taɓa zama gaban malamin fara'il, wato masanin rabon gado, ya san matar mamaci rubu'i take samu idan mijin bai bar 'ya'ya ba, idan kuwa ya bari sai rabonta ya koma sumuni. Ba ya neman takarda kafin ya gane cewa sumuni raguwa ce. Amma ka rubuta wa jikansa da ke ajujuwan ƙarshe na ibtida'i, wato firamare, a Makka ko Jidda 1/4 da 1/8, ka ce masa wanne ya fi, sau da yawa a kan 1/8 zai ɗora yatsa, hujjarsa takwas ta fi huɗu. Daga wannan kuskure sauran kurakuran babin suke tsirowa, don haka da shi ya kamata a fara gyara.

Tunda da Larabci yaranmu suke karatu a nan Saudiyya, dole mai taimaka musu a gida ya san sunayen da suke ji a aji. Kaso shi ne al-kasr, jam'insa kusur. Lambar da ke saman layi sunanta basɗ, ta ƙasa kuma maƙam. Daidaita lambobin ƙasa shi ake kira tauhidul maƙamat. Jerawa daga ƙarami zuwa babba ita ce tasa'udi, daga babba zuwa ƙarami kuma tanazuli. Lambar ƙasa tana gaya maka gida nawa aka yanka abu, wato girman yanki guda. Lambar sama tana gaya maka yanki nawa aka ɗauka. Ta ƙasa suna ce, kamar yadda sulusi da humusi suke sunaye. Ta sama ita ce ƙirga. Yawan masu rabo yana ƙara ƙanƙantar rabo: burodin tamis ɗaya tsakanin mutum huɗu, da tamis ɗaya tsakanin mutum takwas, kowa ya san inda zai so ya zauna.

Mataki na farko: a tabbatar abu ɗaya ake rabawa

Ba a kwatanta kaso biyu sai an yanko su daga abu mai girma ɗaya. A littafin makaranta an riga an ɗauka haka ne, a kasuwa kuwa ba haka ba. Zinariya mai karat 21, wadda masu shago suke cewa iyar 21, kashi 21 cikin 24 nata tsantsa ce, wato 7/8. Mai karat 18 kashi 18 cikin 24 ce, wato 3/4. Babu shakka 7/8 ya fi 3/4. Sai dai awarwaro mai giram 10 na karat 21 yana ɗauke da tsantsar zinariya giram 8.75, mai giram 12 na karat 18 kuwa yana ɗauke da giram 9. Kason farko ya fi girma, amma zinariyar na biyu ta fi yawa, saboda nauyin da aka ciro kason daga gare shi ba ɗaya ba ne. Idan tambaya ta zo da nauyi ko kuɗi mabambanta, sai a fitar da adadin kowanne tukuna.

Mataki na biyu: a gani da ido kafin a taɓa lissafi

Ka nemo kwali ko takarda mai ɗan kauri, rula da almakashi. Ka yanki dogayen sala shida, kowace tsawonta santimita 24 cif, faɗinta kamar santimita 2. An zaɓi 24 ne don tana rabuwa da 2, 3, 4, 6, 8 da 12 babu saura. A sala ta farko ka yi alama a santimita 12, ka samu rabi biyu. Ta biyu ka yi alama duk bayan santimita 8, ka samu sulusi uku. Ta uku duk bayan 6, rubu'i huɗu. Ta huɗu duk bayan 4, sudusi shida. Ta biyar duk bayan 3, sumuni takwas. Ta shida duk bayan 2, kashi goma sha biyu. Ka jera su ɗaya ƙarƙashin ɗaya, bakinsu ya zo daidai a gefe guda. Yanzu ka ce wa yaro ya ɗora yatsan hannu ɗaya a ƙarshen rubu'i na uku, ɗaya hannun a ƙarshen sudusi na biyar. Yatsa ɗaya zai tsaya a santimita 18, ɗayan a santimita 20. Da idonsa ya ga 5/6 ya zarce 3/4, ya kuma ga tazarar santimita 2 ce, daidai yanki guda na sala ta shida.

A kula da abu ɗaya: idan salolin ba su zo tsawo ɗaya ba, ko aka naɗe takarda gida uku da ƙiyasi, aikin ya ɓaci, domin zai nuna wa yaro ƙarya da idonsa. Naɗin sulusi da hannu ba ya zuwa daidai, a yi amfani da rula. Haka nan zanen da'ira: yara ba sa iya raba ta biyar ko bakwai daidai, gara dogon gida a littafi mai gida-gida.

Mataki na uku: gajerun hanyoyi huɗu

Kafin a shiga neman lambar ƙasa ta tarayya, a dubi kason biyu na ɗan lokaci. Da yawa daga tambayoyin jarrabawa a nan suke ƙarewa.

Idan lambobin ƙasa ɗaya ne, mai babbar lambar sama ya fi: 5/8 ya fi 3/8.

Idan lambobin sama ne ɗaya, mai ƙaramar lambar ƙasa ya fi: 3/5 ya fi 3/7, domin humusi uku sun fi subu'i uku kauri. Masu fara'il suna da misali mai kyau a nan. Mutum ya rasu ya bar mata, 'ya'ya mata biyu, uwa da uba. Sumuni da sulusi biyu da sudusi da sudusi, idan aka ɗora su a kan 24, suna ba da 3 da 16 da 4 da 4, jimla 27. Rabon ya fi ƙarfin dukiyar, sai a yi auli, a mai da lambar ƙasa 27. Matar tana nan da kashi ukunta, amma daga 3/24 ta koma 3/27, wato daga sumuni zuwa tusu'i. Lambar sama ba ta motsa ba, ta ƙasa ta ƙaru, rabo ya ragu. Wannan ce mas'alar da ake kira Minbariyya.

Hanya ta uku ita ce aunawa da rabi. Ka ninka lambar sama sau biyu, ka duba ta ƙasa. A 4/9, biyu sau 4 ta ba da 8, ba ta kai 9 ba, kenan bai kai rabi ba. A 5/8, biyu sau 5 ta ba da 10, ta wuce 8, kenan ya haura rabi. Magana ta ƙare, 5/8 ya fi 4/9, ba tare da an nemi 72 ba.

Ta huɗu ita ce duba abin da ya rage a cika ɗaya. 7/8 sumuni ya rage masa. 11/12 kashi ɗaya bisa sha biyu ya rage masa. Wanda giɓinsa ya fi ƙanƙanta shi ne babba, don haka 11/12 ya fi, kamar yadda karat 22 ya fi karat 21. A nan akwai rami guda biyu. Na farko, yaro ya ce daidai suke tunda kowanne ɗaya ya rage masa. Ya manta ɗayan nan ba girmansu ɗaya ba. Na biyu ya fi haɗari, domin yakan dace wani lokaci har yaro ya ɗauke shi doka: ya ɗebe lambar sama daga ta ƙasa, ya ce mai ƙaramin bambanci shi ne babba. Gwada shi da 5/7 da 8/11. Bambancin na farko 2, na biyu 3, da wannan dabara sai a ce 5/7 ya fi, alhali 8/11 ne babba, kamar yadda za mu gani. Hanyar giɓi tana tafiya ne kawai idan za ka iya kwatanta giɓin biyu a matsayinsu na kaso, cikin sauƙi.

Mataki na huɗu: a rage kason idan yana raguwa

Kafin a ninka komai, a duba ko akwai lambar da take raba sama da ƙasa tare. 14/21 idan aka raba da 7 ya zama 2/3. 15/20 idan aka raba da 5 ya zama 3/4. Wanda bai rage ba zai je neman lambar da 21 da 20 suke shiga, ya tsinci kansa a 420. Wanda ya rage, 12 ta ishe shi. Wani lokacin ma ragewar ce take tona cewa kason biyu daidai suke: 18/24 da 21/28 duk 3/4 ne.

Mataki na biyar: daidaita lambobin ƙasa

Wannan ita ce uwar hanya, wadda ba ta ƙin kowace tambaya. Manufarta a sake yanka kowane kaso zuwa yankuna masu girma ɗaya, sannan a ƙirga. Abin da ake nema shi ne mafi ƙanƙantar lamba da dukkan lambobin ƙasa suke shiga cikinta babu saura. A littafi sunanta al-muda'aful mushtarakul asgar, ana taƙaita ta da haruffa uku, mim mim alif.

Malaman fara'il sun daɗe da tsara wannan aiki lokacin fitar da asalin mas'ala, wato lambar ƙasa da ake ɗora rabon magada a kanta, kuma tsarinsu ya fi sauƙin riƙewa a ganinmu. Sun ce lambobi biyu ba sa wuce hali huɗu. Idan iri ɗaya ne, tamasul kenan, ka ɗauki ɗaya. Idan ƙaramar tana shiga cikin babbar, kamar 4 da 8 ko 3 da 6, tadahul kenan, ka ɗauki babbar. Idan babu wata lamba da take raba su tare in ban da 1, kamar 3 da 8 ko 7 da 11, tabayun kenan, ka ninka ɗaya da ɗaya: 24, ko 77. Idan kuwa ba sa shiga juna amma akwai lambar da take raba su tare, kamar 4 da 6, tawafuƙ kenan: ka raba ɗaya daga cikinsu da babbar lambar da suka yi tarayya a kai, ka ninka abin da ya fito da ɗayar. 4 da 6 sun haɗu a 2. Rabin 4 shi ne 2, sau 6 ya ba da 12. 6 da 8 ma sun haɗu a 2. Rabin 6 shi ne 3, sau 8 ya ba da 24. Shi ya sa kake yawan jin 12 da 24 a bakin masu rabon gado.

Ga yaro wanda bai kai ga waɗannan sunaye ba, hanya mafi sauƙi ita ce ya kama babbar lambar ƙasa ya riƙa hawa da jadawalinta, yana gwada ƙaramar a kowane mataki. A 3/4 da 5/6, babbar 6 ce. Shin 4 tana shiga 6? A'a, akwai saura 2. Sai 12: tana shiga sau 3. An samu.

Daga nan aiki biyu ne ga kowane kaso, kuma a jere. Na ɗaya, ka raba sabuwar lambar da tsohuwar lambar ƙasa. Na biyu, abin da ya fito ka ninka shi da lambar sama. A 3/4: 12 raba 4 ya ba da 3, sai 3 sau 3 ya ba da 9, kason ya zama 9/12. A 5/6: 12 raba 6 ya ba da 2, sai 2 sau 5 ya ba da 10, ya zama 10/12. Goma ta fi tara, saboda haka 5/6 ya fi 3/4, da tazarar 1/12, wato santimita biyun nan da aka gani a kwali. Yana da kyau yaro ya riƙa rubuta ƙaramar ×3 a gefen sama da gefen ƙasa duka, har hannunsa ya saba.

Kurakurai biyu ne suka fi yawa a wannan gaɓa. Na farko, a canza lambar ƙasa a bar ta sama yadda take, 3/4 ya zama 3/12. Wannan rubu'i ɗaya ne tak, an zubar da kashi biyu cikin uku na kason. Aunawa da rabi tana kama shi nan take: 3/4 ya haura rabi, 3/12 bai kai ba, kenan ba abu ɗaya ba ne. Na biyu, a yi tarawa maimakon ninkawa: yaro ya ga daga 4 zuwa 12 an ƙara 8, sai ya ƙara 8 a sama, ya samu 11/12. Dalilin da ya sa wannan ba ya yi shi ne, mai da rubu'i zuwa kashi sha biyu yana nufin an tsaga kowane rubu'i gida uku. Idan rubu'i uku ne a hannunka, kowanne ya tsage uku, tara za ka ƙirga. A mayar da shi kan kwalin ya ɗora sala ta uku a kan ta shida, zai ga kowane rubu'i ya rufe yanki uku.

Jera kaso uku zuwa sama

Ga tambaya irin wadda take zuwa: a jera 7/12, 5/8, 2/3, 4/9 da 11/18 tasa'udi.

A fara da tacewa. Biyu sau 4 ba ta kai 9 ba, don haka 4/9 ne kaɗai bai kai rabi ba. Shi ne ƙarami, an gama da shi. Sauran huɗun duk suna tsakanin rabi da ɗaya, kusa da juna, ido ba zai raba su ba. Babbar lambar ƙasa 18 ce. 12 ba ta shiga 18. A 36, 12 tana shiga, 3 tana shiga, amma 8 ta ƙi. A 54, 12 ta ƙi. A 72 kowa ya shiga: 12 sau 6, 8 sau 9, 3 sau 24, 18 sau 4, har 9 ma sau 8. To 7/12 ya zama 42/72, 5/8 ya zama 45/72, 2/3 ya zama 48/72, 11/18 ya zama 44/72, 4/9 kuma 32/72. Lambobin sama a jere: 32, 42, 44, 45, 48. Amsar ita ce 4/9, 7/12, 11/18, 5/8, 2/3.

A lura da cewa da siffarsu ta asali ake rubuta amsa. Malami 5/8 ya tambaya, ba 45/72 ba. Dabarar da ke hana rikicewa ita ce a rubuta sabon kaso daidai ƙarƙashin tsohonsa, a sa ƙananan lambobin jeri a kansu, sannan a kwafe. Bayan an kwafe a ƙirga: biyar aka bayar, biyar ya kamata su fito. Ana yawan mance wanda aka ware tun farko.

Wanda ya ce zai ninka dukkan lambobin ƙasa da juna bai yi laifi ga ƙa'ida ba, amma 12 sau 8 sau 3 sau 9 sau 18 ya kai 46,656, kuma a cikin irin wannan ninki ne kuskure yake samun wurin ɓuya. Idan hawa jadawali ya yi nisa, a yi tsani: a rubuta 12, 8, 18 a layi, a raba da 2 a samu 6, 4, 9. A sake da 2, a samu 3, 2, 9, ana sauko da wadda ba ta rabu ba yadda take. A sake da 2: 3, 1, 9. Da 3: 1, 1, 3. Da 3 kuma: 1, 1, 1. Masu rabawar su ne 2, 2, 2, 3, 3, ninkinsu 72. Ba a sa 3 da 9 a layin ba tun farko saboda sun riga sun shige cikin 18.

Rabo shida na gado da aka ambata a Suratun Nisa'i misali ne da ya dace a haddace, domin duka suna zama a kan 24: sulusi biyu 16, rabi 12, sulusi 8, rubu'i 6, sudusi 4, sumuni 3. Na zakka kuma suna zama a kan 40: ushuri 4, rabin ushuri 2, rubu'in ushuri 1. Wannan don koyon lissafi ne. Ainihin rabon gado yana da sharuɗɗan da sai an koma ga masanansa.

Ninkin gicciye, na kaso biyu kawai

A aji ana ce masa ad-darbut tabaduli. Ka rubuta 5/7 da 8/11 gefe da gefe, kowanne da lambarsa ta sama a kan ta ƙasa. Ka ninka 5 da lambar ƙasan ɗayan, 11, ka samu 55, ka rubuta a saman 5/7. Ka ninka 8 da 7, ka samu 56, ka rubuta a saman 8/11. Hamsin da shida ta fi, don haka 8/11 ne babba. Babu wani siddabaru a ciki: daidaita lambobin ƙasa ne a kan 77, sai dai ba a rubuta 77 ɗin ba. Ainihin abin da aka kwatanta 55/77 ne da 56/77.

Inda ake faɗuwa shi ne wurin ajiye sakamakon. Doka ita ce sakamako na kason da ya ba da lambar sama ne. Yaron da ya fara daga sama ya gangara ƙasa a gicciye, ya rubuta 55 a inda alƙalaminsa ya tsaya, zai ajiye ta ƙarƙashin 8/11, amsarsa ta juye gaba ɗaya. Gara a koya masa ya ja kibiya daga ƙasa zuwa sama, ya rubuta a inda kan kibiyar ya tsaya. Ba ma son a fara koya wa yaro wannan hanya kafin ya iya ta mataki na biyar, domin zai haddace motsin hannu ba tare da sanin dalili ba, kuma gobe idan aka ce ya tara kaso biyu sai ya gicciya su ya tsaya nan. Ga jerin kaso biyar ma ba ta da amfani sosai, za ka yi ta gicciye bibbiyu har ka ɓace.

Mai da kaso ya zama mai ɗigo

Idan lambobin ƙasa manya ne kuma ba sa jituwa, ko kana da kalkuleta a waya, ka raba lambar sama da ta ƙasa. Ta sama ake fara dannawa: 5 raba 8, ba 8 raba 5 ba. Idan kason bai kai ɗaya ba amma amsa ta fito sama da 1, an juya. 5/8 ya ba da 0.625, 3/4 ya ba da 0.75, 7/8 ya ba da 0.875. Su ne lambobin da ake bugawa a cikin zobe da maƙallin sarƙa: 750 na karat 18, 875 na karat 21, 916 na karat 22. Riyal ma yana taimakawa tunda halala 100 ne: 3/4 na riyal halala 75, 7/10 halala 70, 5/8 halala 62 da rabi.

Abubuwa biyu suke ɓata wannan hanya. Yaro ya ga 0.625 da 0.7 ya ce na farko ya fi, saboda 625 ta fi 7. Maganinsa a cike gurbin da sifili har tsawonsu ya zo ɗaya: 0.625 da 0.700. Sai yanke lissafi da wuri: 5/7 shi ne 0.714, 8/11 kuma 0.727, wanda ya tsaya a lamba ɗaya bayan ɗigo zai ga 0.7 da 0.7 ya ce daidai suke. A ci gaba da rabawa har lambobin su saɓa, galibi gurbi uku ya isa. A littafin Larabci waƙafi ake sawa a wurin ɗigon, ana ce masa fasila, aikinsu ɗaya.

Agogo wata rula ce da ke kowane gida. A nan ana faɗin lokaci da nus, wato rabi, da rubu'i da sulusi, yaro ya saba da cewa sulusin awa minti 20 ne, rubu'i 15. Duk kason da lambarsa ta ƙasa take shiga 60 ana iya mai da shi minti: 7/12 minti 35, 3/5 minti 36, 2/3 minti 40, 7/10 minti 42, 3/4 minti 45, 5/6 minti 50. Ba ta ɗaukar subu'i ko sumuni ko tusu'i, domin 7 da 8 da 9 ba sa shiga 60.

Idan akwai cikakkiyar lamba a tare

A fara da cikakkun lambobin. 3 da 1/8 ya fi 2 da 9/10, komai girman 9/10. Sai cikakkun sun zo ɗaya ake komawa kan kason. Idan lambar sama ta fi ta ƙasa, a raba tukuna: 17/6 shi ne 2 da 5/6, 11/4 shi ne 2 da 3/4, biyun sun tafi, saura 5/6 da 3/4 da muka riga muka auna. A mutawassiɗ, wato matakin karatu da ke bin ibtida'i, za a haɗu da masu alamar ɗebewa a gaba, a can jerin yana juyewa: −2/3 ya fi −3/4, kamar yadda wanda ake bi bashin 8 ya fi wanda ake bi 9 sauƙi.

Dama da hagu

Wannan matsala ta gidajenmu ce musamman, inda uba ko yaya ya yi boko a Kano ko Damagaram, yaro kuma yana rubutu daga dama. A littafinsa, jerin tasa'udi yana farawa da ƙarami a hannun dama ya tafi hagu. Idan ka jera masa daga hagu yadda ka saba ya kwafe haka, malami zai karanta daga dama ya ga tanazuli, ya soke amsar da lissafinta daidai ne. Alamar fifiko ma haka: kada ka koya masa cewa wannan siffa ita ce "ya fi", waccan "bai kai ba", domin karatunta yana bin inda aka faro. Abin da ba ya canzawa shi ne buɗaɗɗen bakin alamar yana fuskantar babba, tsininta yana nuna ƙarami. Sannan a kula da siffar lambobi: ٥ biyar ce ba sifili ba, sifili ɗigo ne ٠, ٦ shida ce ko da ta yi kama da bakwai ta boko, ٧ bakwai, ٨ takwas, ٢ da ٣ kuma haƙori ɗaya ne ya raba su, a rubutun hannu suna saurin rikiɗewa. Kafin a fara lissafi yaro ya karanta tambayar da baki, kai kuma ka rubuta abin da ka ji. Kuma a riƙa ɗora lamba a kan lamba da layi a tsakani, maimakon karkataccen layi, don kada a rasa wace ce sama idan an karanta daga dama.

Gwaji na ƙarshe a akwatin bakanike

A sana'iyya, wato unguwar bakanikai da masu sana'ar hannu, masu gyaran tsofaffin motocin Amurka suna aiki da sifana masu awon inci. Ka zube wa yaro waɗannan lambobi a hargitse: 5/8, 7/16, 3/4, 1/2, 9/16, 3/8, 11/16, ka ce ya jera daga ƙarama. Hali ne na tadahul, domin 2 da 4 da 8 duk suna shiga 16. Zai samu 3/8 a matsayin 6/16, 7/16 yadda take, 1/2 a matsayin 8/16, 9/16, 5/8 a matsayin 10/16, 11/16, sai 3/4 a matsayin 12/16. Jerin kenan: 3/8, 7/16, 1/2, 9/16, 5/8, 11/16, 3/4, kowace ta ɗara wadda ta gabace ta da kashi ɗaya bisa sha shida na inci. Ka sa ido a kan 9/16 da 5/8. Idan ya ce 9/16 ta fi 5/8 girma saboda 9 da 16 sun fi 5 da 8, tsohon kuskuren yana nan, a koma kan kwali: a yanki sala biyu masu santimita 16, ɗaya a yi mata alama duk santimita 1, ɗaya duk santimita 2, ya ƙirga tara a ta farko, biyar a ta biyu, ya faɗi da bakinsa a santimita nawa kowace ta tsaya.